Wace jar tawada ce ba ta koɗewa? Gwajin da na yi a tagar ɗakina

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mani rai, yau dai na ce sai na kawo shi gabanku.

Bara kafin azumi na yi wa wani yaro allon sauka. Kwana tara na yi a kansa. Na rubuta Fatiha da farkon Baƙara da baƙi, na sa wasali da ja, sannan na zagaye shi da zayyana ja da tsanwa da ruwan ɗorawa. Ranar da aka zo ɗauka har maƙwabta suka shigo kallo, don jan nan kamar ka taɓa ya ɓata maka hannu. Watan jiya na je gidan barkar haihuwa, sai ga allon rataye a falo, daidai inda hasken taga ke faɗowa. Baƙin yana nan daram. Jan kau ya koma kamar ruwan da aka wanke nama, tsanwan ya yi fari-fari, sai ka matsa kusa za ka gane akwai wasali a kan haruffan. Uban yaron bai ce mani komai ba, godiya ma ya ƙara yi. Ni dai ranar ban iya cin abincin da aka kawo mani ba, domin aikina ne, kuma sunan Allah ne a kai.

Da na dawo gida sai na tattara duk jar tawadar da hannuna ya kai gare ta, na aro wasu. Guda takwas: Pelikan 4001 ja, Ecoline ja, Winsor & Newton ta zane mai ƙaramar kwalba, FW ta kamfanin Daler-Rowney, jar tawadar firinta, garura da na jiƙa da ƙaro, ruwan karan dafi, da jar ƙasa da na niƙa da kaina. Na ja layi mai kauri da kowace a takarda ɗaya da alƙalamin kara. Na rufe rabin takardar da kwali, na manna ta a gilashin taga mai kallon yamma, na bar ta sati shida cikin zafin bazarar nan. Jiya na ɓare kwalin.

Ecoline ce ta fi kowa kyau ranar farko, ita ce kuma ta fi kowa lalacewa. Pelikan ta bi bayanta, ta koma ruwan hoda mai haske. Garura ta dushe sosai. Ta firinta ta rage rabi. Winsor & Newton ta ɗan daure amma ka ga bambanci ƙarara tsakanin inda rana ta gani da inda ba ta gani ba. Karan dafi ya juya ruwan ƙasa. Biyu kaɗai suka fita lafiya: FW, da jar ƙasa. Jar ƙasar nan da na raina, wadda ranar farko ta fi kowace rashin ƙyalli, wallahi sai da na nemi inda kwalin ya tsaya na rasa.

Na kuma ɗiga ruwa a gefen kowace. Ecoline da Pelikan da garura da ta firinta suka bi ruwa. Jar ƙasa ta ɗan motsa saboda ƙaro ne ke riƙe da ita. FW da Winsor & Newton ko gezau.

Tambayata ga malamai da masu sana'a: me kuke sa wa wasali da zayyana yanzu?

Ɗan Daura:
Wa alaikumussalam. Yaya, Allah ya saka da alheri. Ni fa tawadar firinta nake amfani da ita tun da na fara koyon rubutu, saboda kwalba ɗaya sai ta yi mani wata da watanni, kuma tana bin alƙalami sumul. Yanzu ka sa gabana ya faɗi. Akwai ayatul kursiyyu da na rubuta wa kakata ta rataye a ɗaki.

Malamar Zane:
Sannu da ƙoƙari Malam. Abin da ka gani ba laifin kamfanonin ba ne gaba ɗaya, kowace tawada da aikin da aka yi ta dominsa. Tawada mai launi iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launin ke narkewa cikin ruwa kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Akwai ta gari, wadda launin ƙananan ƙwayoyi ne da ba su narkewa, suna yawo ne kawai a cikin ruwan, shi ya sa in ka ajiye kwalbar sai ka ga ya kwanta a ƙasa, sai ka girgiza. Ta rini ta fi haske da sheƙi domin takarda na haskowa ta cikinta, amma rana na karya ta. Ta gari ta fi duhu da nauyi, kuma mafi yawanta na jure rana.

Ecoline, wadda Royal Talens na ƙasar Holan ke yi, ta rini ce. An yi ta don masu zanen da za a ɗauki hotonsa a buga a littafi ko mujalla, sannan a ajiye asalin a cikin jaka. Winsor & Newton ma masu launin nan rini ne, sai dai an haɗa su da wani danƙo da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya, shi ne ke sa in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Su kansu kamfanin sun faɗa cewa masu launin ba su jure haske. Baƙarsu ce ke jurewa, don ita da baƙin hayaƙi aka yi ta. Pelikan 4001 kuwa ta alƙalamin famfo ce, dole a yi ta tsararo don kar ta toshe shi. FW ta gari ce cikin ruwan roba. Jar ƙasa ai tsatsar ƙarfe ce da Allah ya halitta a cikin ƙasa, ta riga ta gama shan ranarta tun kafin a haife mu.

Ni a aji nakan ce wa yara su ɗaga kwalba su duba gindinta. In akwai abin da ya kwanta, alama ce mai kyau.

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Malama, wannan dubin gindin kwalba da na san shi bara da ban shiga wannan kunya ba. Na gode ƙwarai.

Alaramma, Ƙofar Guga:
Assalamu alaikum. Yaron wajena ke karanta mani, shi ke rubuta abin da nake faɗi.

Ɗana, gwajinka ya yi kyau, amma ka gwada abu ɗaya ne ka bar abu uku. Rana ba ta ganin Alƙur'ani. Alƙur'ani yana cikin tadarishi, wato bangonsa, tadarishi yana cikin gafaka. Ana buɗe shi a zaure ko a inuwa, a karanta, a mayar. Allon zayyana ne ake ratayewa, shi kam gwajinka ya shafe shi. Amma mai rubuta izu sittin abin da ya dame shi daban ne. Na ɗaya, tawadar ta sauka daga bakin alƙalami siririya, domin fataha da kisira wuri kaɗan gare su. Na biyu, kar ta huda ta fito bayan takarda, tunda gaba da baya muke rubutawa. Na uku, kar ta manne da 'yar uwarta in damina ta zo, domin Alƙur'aninmu warƙa-warƙa ne ba ɗinki, suna kwance bisa juna shekara da shekaru.

Wannan ta robar da kuke yabo, wani almajirina ya taɓa kawo mani. Na tsoma alƙalami na sa wasali bai fi layi uku ba ta bushe a bakinsa ta zama kamar fata, sai na feƙe. Da hunturu kau ko layi ɗaya ba ta kaiwa. Alƙalamin da zai yi mani sati sai ya ƙare a wuni. Ban ƙara waiwayarta ba.

Mu abin da muka taras, baƙi biyu ne. Zuge na allo, gawayi ne a daka shi lilis a tace a dafa da ƙaro, shi ne ake wankewa. Yambari na takarda, bagaruwa ce da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da wutar maƙera ke bari, da ƙaro. Launi kuma uku ne, kowane da aikinsa a ruwayar Warshu: ja na wasali, ruwan ɗorawa na hamza, tsanwa na alifin da ake sadarwa. Sai a ƙawata kumsa da kuri, wato alamar aya biyar da ta aya goma, da alamar hizbi da sujada. Ba don ado kaɗai aka sa su ba. Mai karatu da ya hango ɗigon ruwan ɗorawa ya san yadda zai furta tun kafin ya iso.

Ɗan Daura:
Allah ya gafarta Malam, yaya ake haɗa yambarin? Mu nan muna jin suna ne kawai.

Alaramma, Ƙofar Guga:
Ka samo bagaruwa busassa mai kyau, ka ɓarza ta ka fitar da ƙwallon, kwanson ake so. Ka jiƙa ta ta kwana. Ka je maƙera ka roƙi kashin maƙera, ka wanke mashi toka, ka zuba a ciki. Ka bar su kwana uku ko huɗu, za ka ga ruwan yana duhu. Sannan ka dafa a tukunyar ƙasa da wuta marar ƙarfi har ya ragu, ka tace da ƙyalle sau biyu, ka sa ƙaron da ka riga ka jiƙa. Wurin ƙaron nan ake gane gwani. In ya yi kaɗan tawada ta baje a takarda kamar sawun kaza. In ya yi yawa ta yi ƙyalli, ka ji daɗi, damina na zuwa warƙoƙi su manne, kyankyasai kuma su bi zaƙin su lashe maka rubutu. Ni nakan ɗiga a farcen babban yatsa in karkata. In ɗigon ya tsaya jim kaɗan sannan ya gangaro a hankali, ta yi.

Kuma kar ka tsorata in ka rubuta ka ga ta fito fari-fari. Ka bar ta ta sha iska, gobe ka duba.

Baduku, Daura:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina karanta bayanin nan ina mamaki, ashe sana'armu ɗaya. Fatar da muke aiki da ita da bagaruwa ake jeme ta. In muna son baƙi sai mu shafa kuloko, wanda ruwan ƙarfe ne da aka jiƙa ya yi tsami. Shi kansa kulokon ba baƙi ƙirin ba ne, amma yana taɓa jemammiyar fata sai wurin ya yi baƙi nan take. Wato ku kuna haɗa su a tukunya, mu muna haɗa su a jikin fata.

Batun karan dafi kuma, Mai Zayyana, ba a yi mashi adalci ba. Da me ka jiƙa shi?

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Da ruwan zafi kawai, sai ƙaro.

Baduku, Daura:
To shi ya sa. Karan dafi ba ya sakin jansa sai da ruwan toka ko kanwa. Ka daka shi, ka zuba ruwan toka, ka ga jan da zai fito. A fata yana shekaru, duk jan da kake gani a gafaka da kube da tsofaffin titimi shi ne. A takarda dai ban taɓa gwadawa ba, kuma na san fata ma in ta daɗe a rana tana yin duhu. Amma a sake mashi gwaji yadda ya kamata.

Mai Kimiyya:
Abin da Baba Alaramma da Baduku suka faɗa abu ɗaya ne a ilimin sinadarai. Kwanson bagaruwa cike yake da sinadarin nan mai bauri da ke jeme fata. In ya haɗu da ƙarfe, iska kuma ta buge su, sai su zama baƙin da ba ya narkewa a ruwa. Shi ya sa yambari ke fitowa fari-fari sannan ta yi duhu: a cikin zaren takardar take gama zama baƙa, don haka ruwa ba ya fitar da ita kamar zuge. Turawa ma da irinta suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu, su da ƙullutun itacen ƙasarsu maimakon bagaruwa. Har yau Pelikan 4001 mai shuɗi-baƙi tana da ɗan wannan haɗin a ciki.

Illarta guda ce: tana da tsami, kuma in ƙarfen ya yi yawa, bayan shekaru masu yawa takan ci takarda. Za ka ga tsohon littafi harafin ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya yi inuwa, wani wurin ma ya huje daidai siffar harafin.

Amma abin da ya sa na shigo daban ne, kuma ina roƙon kowa ya karanta. Duk tawadar kwalbar da aka ambata a nan, babu wadda aka yi don ta shiga ciki. Kar a yi rubutun sha da su. Na ga ana rubuta allo da tawadar firinta da ta hatimin ofis ana wankewa ana ba mutane, har da mata masu ciki da yara. Akwai sinadaran hana ruɓewa da na hana bushewa a cikinsu. Garura ma rinin masana'anta ce, daga zuriyar rinin da wani Bature mai suna William Perkin ya fara haɗawa a Ingila a 1856, ba abinci ba ce. Haka dutsen nan mai ruwan ɗorawa da littattafan Larabci ke kira zirnik, wanda magabata ke niƙawa don launin rawaya, guba ne, akwai asanik a cikinsa. Mai lasar bakin alƙalami ya kiyaye.

Maman Hafizu:
Innalillahi. Malam, ni ba mai rubutu ba ce, ɗana ne zai yi sauka bayan Babbar Salla shi ya sa nake bibiyar maganar nan. Amma wannan ta taɓa ni. Yaya mutum zai gane rubutun da aka ba shi da wace tawada aka yi?

Mai Kimiyya:
Hajiya, ruwan zuge baƙi ne mai toka-toka, in kika ajiye shi a kofi garin gawayin zai kwanta a ƙasa, kuma ba ya da wari sai ɗan ƙamshin hayaƙi. In kika ga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi ko shunayya, bai kwanta ba, ko ya rina kofin, to rini ne. Mafi sauƙi dai ki tambaya.

Alaramma, Ƙofar Guga:
Gaskiya ya faɗa. Malamin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi da me ya rubuta. Rubutun sha zuge ne, wasu kuma za'afaran. Wanda ya ɗauki tawadar inji ya ba bayin Allah su sha ya ci amana, ko ya sani ko bai sani ba ya kamata ya bari daga yau.

Ɗan Daura:
Allah ya gafarta Malam, ina da magana amma ina jin nauyi. Duk abin da aka faɗa na yarda. Sai dai mu matasa a duba mana. Yambari kwana biyar kafin ta haɗu. Jar ƙasa sai ka nemo, ka niƙa, ka tace. Mai son aiki kuma yau zai kawo gobe ya ce yana so, kuma ja mai ƙyalli yake so irin wanda ya gani a waya. In ka ba shi jar ƙasa sai ya ce aikin ya yi duhu kamar tsoho, ya tafi wurin wani. FW kuma kafin ka same ta sai ka aika Kano ko Legas, kuɗin kwalba ɗaya ya fi abin da za a biya ka a allon. Ba ƙin na gargajiya muke ba.

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Ƙanena, wannan maganar ita ce ta kai ni ga abin da ya same ni. Ni ma ƙyallin na bi, da araha. Ga shi araha ba ta yi ado ba. Allon sauka sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwa. Wanda aka yi wa babana yana nan a ɗakin tsohuwarmu, fatar kan allon ta tsattsage, amma jan da ke jiki bai tafi ko'ina ba.

Ɗan Daura:
To ai Yaya shi uban yaron bai yi ƙorafi ba, kai ka faɗa.

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Bai yi ba, don yana ganin girmana. Shirun nasa ya fi mani ciwo. Na riga na gaya mashi zan karɓo allon in sake shi ba ko kwabo.

Malamar Zane:
Ku bari in shiga tsakani, don kowa na da gaskiya. Ɗan Daura, ba sai ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya ba. Ka raba aikinka. Na koyo da gwajin hannu, wanda za ka cika takarda ka ajiye, yi da ta firinta, babu laifi. Wanda za a ɗauki hotonsa a buga a kati ko kalanda, Ecoline ta fi kowa, don asalin ba zai ga rana ba. Wanda za a rataye a bango kuwa, nan ne ba a wasa.

Kuma akwai hanya ta tsakiya mai sauƙin kuɗi. Jar ƙasa ba dole ta yi duhu ba, yawanci rashin tacewa ne. Ka niƙa ta, ka zuba a kwalba da ruwa mai yawa, ka girgiza, ka ƙirga talatin. Yashi da tsakuwa za su faɗa ƙasa. Ka tsiyaye jan ruwan saman a wani kwano ka bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta da safe laushinsa kamar kwalli, shi za ka haɗa da ƙaro. In ka maimaita sau biyu har wasali za ka sa da shi. Sannan farin da ke ƙarƙashi shi ke ɗaga launi: allon da aka shafe da farar ƙasa aka goge ya yi santsi, jar ƙasa a kansa tana fitowa fes.

Shuɗi kuma ga bula ta gari da ake sa wa fararen kaya. Ita ma ta gari ce, ba ta tsoron rana ko kaɗan. Abin da take tsoro tsami ne. Ɗigon lemun tsami ɗaya zai kashe ta ta koma fari, don haka kar a haɗa ta da yambari, kar kuma a tsoma alƙalami ɗaya a kurtu biyun.

Baduku, Daura:
Ruwan ɗorawa fa Malama? Mu saiwar rawaya muke dakawa, wasu gangamau.

Malamar Zane:
Gangamau kam kar ma a fara, kwana kaɗan a rana ya tafi. Rawaya ta fi shi amma ita ma rini ce. Akwai ƙasa mai ruwan ɗorawa, 'yar uwar jar ƙasa, ita ce ba ta motsi. In ma ka gasa ta a wuta sai ta koma ja. Tsanwa ne ya fi ba ni wahala. In na haɗa bula da ƙasar nan yana fitowa, amma tsanwa ne mai duhu kamar ganyen kuka busasshe, ba irin mai haske da ake so a zayyana ba. A nan kam ni kwalba nake saye.

Mai Kimiyya:
Tsanwan da, wanda ake samu daga tsatsar tagulla, shi ma yana cin takarda, har ya fi yambari. A tsofaffin littattafai sau da yawa wurin tsanwan ne ke fara hujewa.

Alaramma, Ƙofar Guga:
Na ga haka da idona a wani Alƙur'ani na kakanmu. Takardar irin mai kaurin nan ce da in ka ɗaga ta a haske za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikinta, wadda fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, asalinta kuma ƙasar Italiya. Baƙin ya koma ruwan makuba, jan yana nan kamar jiya, amma wasu ɗigon tsanwan sun zama 'yan ƙofofi.

Ɗan Daura, zo in gaya maka. Ba na ce ku koma jiya ba. Ni kaina jan da nake sa wa wasali shekarun nan na kanti ne, ina ƙara mashi ƙaro kaɗan, don idona ya yi rauni kuma ya fi fitowa. Ban ɓoye ba. Amma na san Alƙur'anin rufe yake. Abin da ba na so shi ne yaro ya riƙe alƙalami shekara goma bai san abin da ke cikin kurtunsa ba. Garin nan Katsina fa garin Wali Ɗan Marina ne, malamin da sunansa ma daga marina ya fito. Garin Wali Ɗan Masani ne. Daga ƙasar nan Muhammadu al-Katsinawi ya tafi har Masar ya rubuta littafinsa na hatimi da lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk abin da ya iso mana daga irinsu da bagaruwa da ƙaro da ƙasa ya iso. In ba wanda ya iya dafa ta, ranar da kwalba ta yi tsada ko ta yanke sai a ajiye alƙalami?

Ɗan Daura:
Na ji, Allah ya gafarta Malam. Ban taɓa tunanin abin ta nan ba. In an yarda zan zo in gani da idona, don karantawa daban, gani daban.

Maman Hafizu:
To ni yanzu me zan ce wa mai yi mana allon? Kar in je in yi mashi maganar da zai ga kamar na raina sana'arsa.

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Hajiya, ki ce mashi allon ratayewa za a yi, kina son launin da ba ya koɗewa, ko da zai ɗan fi tsada ko ya ɗan rage ƙyalli. Mai sana'a zai gane. Ki ba shi lokaci kuma, tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In an kawo, kar a rataye shi inda rana ke bugu, ko bangon da ke jiƙa da damina. In za a sa shi a gilashi, a bar ɗan tsakani kar gilashin ya taɓa rubutun.

Malamar Zane:
Ƙari a kan wannan: kar a shafa mashi man ƙyalli na kafinta. Na ga an yi, bayan shekara biyu ya koma rawaya ya dusashe komai, kuma ba ya fita.

Mai Kimiyya:
Mai Zayyana, in za ka sake gwajin, ka yi takarda biyu. Ɗaya a taga, ɗaya ka sa ta tsakanin warƙoƙi ka ɗora mata nauyi ka ajiye a ɗaki har damina ta wuce, don a amsa tambayar Baba Alaramma ta mannewa. Ka kuma rubuta ranar da ka fara a jiki. Tawadar da aka dafa a gida in ana so ta daɗe ba ta yi fumfuna ba, a jefa kanumfari biyu ko uku a kurtun.

Mai Zayyana, Rafindaɗi:
Haka za a yi in sha Allahu. Wannan karon zan ƙara karan dafi na ruwan toka, da bula, da ƙasa mai ruwan ɗorawa, da jar ƙasa tatacciya yadda Malama ta faɗa. Zan kuma gwada a kan allo, ba takarda kaɗai ba, don itace na shan tawada daban. Baduku, in da hali a aiko mani da karan dafi mai kyau a motar Daura, na nan kasuwa duk ya tsufa.

Baduku, Daura:
An gama. Zan haɗo maka da ɗan kuloko ka gani.

Alaramma, Ƙofar Guga:
Na sa an jiƙa bagaruwa yau. Ranar Alhamis ba karatu, bayan la'asar za a ɗora tukunya. Mai son gani ya zo, Ɗan Daura har da kai in ka samu mota. Kowa ya taho da kurtunsa ko 'yar kwalba wankakkiya. Mai Zayyana, ka zo da takardar nan taka ta taga, ina son in riƙe ta a hannuna in ga jar ƙasar.